Malam Audi Ya Riƙe Usur

Kaduna, 10 ga Oktoba, 1976

Zuwa ga malamina, Malam Audi, malamin Arabiyya,

Allah ya gafarta Malam. Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kuna lafiya, da iyali, da duk malaman makarantarmu ta Daura.

Bayan haka, na iso lafiya, an fara kwas ɗin masu horar da 'yan ƙwallo. Wata shida ne. Na gode da kuka yarda kuka riƙe mini yara, alhali na san ƙwallo ba fanninku ba ne.

Malam, da kun ga filin nan! Ciyawa ce kore shar, wasu famfuna suna juyawa suna yi mata yayyafi da hantsi, har bakan gizo yake fitowa a ƙasa. Nakan tsaya kallo in manta kaina. Sai in ga kamar a bayan makarantarmu nake, ga mota ta taso daga Dutsi cike da yara suna waƙa, ga 'yan Mai'adua a kan kekuna, kowane gari da mai horarwarsa wanda ya san aikin. Yaranmu suna da ƙafa, mai nuna musu ne babu. Wannan nake so in dawo da shi.

Ku zaɓi ashirin da biyu mafi gwaninta, ku sallami saura. Na zana muku atisaye a bayan takarda.

Ɗalibinku,
Jafaru

*

Daura, 2 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga ɗana Jafaru,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, mun yi murna. Mahaifiyarka Iya tana gaishe ka.

Bayan haka, zanen da ka yi na juya shi ta kowace fuska, ban gane shi ba. Maganar zaɓe kuma ta gagare ni. Ka san bana an buɗe makaranta ga kowa, yara sun cika. Da na busa usur ɗinka, casa'in da huɗu suka taru. Na fara nuna su da yatsa, sai na ga wani ɗan ƙarami, Maliki, ya yi ɗage a kan 'yan yatsunsa don in gan shi. Na kasa sallamar kowa.

Sai na yi abin da na sani, wato zaman da'ira-da'ira irin na karatu. Na yanka filin gida tara, biyar suna karawa da biyar, muka kafa karan dawa a matsayin raga. Ƙwallo uku gare mu, sauran na tsumma ne. Na san na saɓa umarninka, ka yafe.

Malam Badaru na makarantar Mai'adua ya biyo a kekensa, ya tsaya yana kallo. Shi ya gane zanen, har ya kwafe.

Haza wasalam,
Audi

*

Kaduna, 20 ga Nuwamba, 1976

Allah ya gafarta Malam,

Gaisuwa da ban girma. Malam, kun kashe ni da mamaki! Ranar da takardarku ta zo, Baturen da ke koya mana ya yanka filin nan mai ciyawa gida-gida, ya ce haka ake rainon yara yanzu a ƙasarsu, domin kowa ya taɓa ƙwallo sau da yawa. Na ɗaga hannu na ce an riga an fara a Daura. Ya ce, "Wane ne kocin?" Na ce malamin Arabiyya ne. Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba, sai ya rubuta sunanku.

Kada ku sallami kowa, ni ne na yi kuskure. Kowane mako zan aiko da abin da muka koya. Ku ce wa Malam Badaru ya jawo wasu malamai. Idan na rufe ido ina ganinsu zaune, ina tsaye a gabansu da alli a hannu.

Naku,
Jafaru

*

Daura, 30 ga Janairu, 1977

Zuwa ga ɗana Jafaru,

Assalamu alaikum, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Yanzu mu bakwai ne, har da ni da wani malamin makarantarmu. Kowace Asabar malamai suna zuwa daga Mai'adua, Dutsi, Zango, Sandamu da Baure, mu zauna gindin darbejiya, in karanta takardarka, sannan mu tashi mu gwada da kanmu. Ka ga dattawa da furfura suna zagaye duwatsu da ƙwallo. Da na karanta inda ka ce kada a daki yaro don ya ɓarar da ƙwallo, Malam Mainasara na Dutsi ya ce, "To da me zai koya?" Badaru ya ce, "Kai da aka daka, ka iya?" Tun ranar Mainasara ya bar bulala a gida.

Mun kai wa Dutsi wasa a gonar wani manomi, Ɗantsoho, da aka gama girbe. Sun ci mu biyu da ɗaya. Maliki ne ya ci tamu.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Ka san ƙafata ta hagu, shan inna ta taɓa ta tun ina goye. Ban taɓa gudu ba. Rannan bayan azahar gyangyaɗi ya ɗauke ni a inuwa, sai na ga ina gudu a kan ciyawar nan da kake ba mu labari, ƙwallo yana gabana kamar ɗan rago mai bin uwarsa, ba sanda a hannuna, ruwa yana sauka mini a fuska. Ban kai raga ba, ban ma nufe ta ba. Gudun ne kawai. Da na farka na daɗe ban motsa ba.

Yau mako uku babu takardarka. Wani direba ya gaya wa Iya ya gan ka cikin motar wani kamfanin masaƙa. Mene ne labari?

Haza wasalam,
Audi

*

Kaduna, 12 ga Fabrairu, 1977

Allah ya gafarta Malam,

Ina gaisuwa cikin jin kunya. Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagawa.

Gaskiya ne. Kamfanin yana da ƙungiyar ƙwallo ta manya, sun nemi in zama mataimakin koci idan kwas ya ƙare. Na karɓa. Zan iya cewa don Iya na yi, amma ba ita kaɗai ba ce. Na shiga filinsu, na ji ihun mutum dubu goma, wani abu ya kama ni. Ba zan dawo a Afrilu ba.

Ni na ɗora muku wannan kaya, ni na fara zamewa. Ku yafe mini.

Jafaru

*

Daura, 6 ga Maris, 1977

Zuwa ga ɗana Jafaru,

Assalamu alaikum.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji ciwo. Kwana uku ban ɗauki usur ba.

Ranar Asabar na karanta wa malamai takardarka yadda take. Na Baure ya ce, "Tunda mai abin ya tafi, mu me muke yi a nan?" Ya hau kekensa. Na Zango ya bi shi. Muka rage mu biyar, babu mai kallon wani. Yara kuwa sun cika fili suna jira. Mainasara ya ce, "Malam, yau babu darasi ke nan." Na ce akwai. Na dogara sanda na shiga tsakiyar fili, na ce yau kowa da ƙafar da ba ya so zai buga. Ban san daga ina abin ya zo mini ba. Aka yi ta faɗuwa ana dariya har la'asar.

Na yafe maka. Saurayi ne kai, ka ga abin da ranka yake so. Sai dai abin da ka aiko ya ƙare mana, muna ta maimaici. Yaran sun fara yin tambayoyin da ba mu da amsarsu. Wannan ne ya fi damuna, ba tafiyarka ba.

Haza wasalam,
Audi

*

Kaduna, 25 ga Maris, 1977

Allah ya gafarta Malam,

Gaisuwa da godiya. Na karanta takardarku a bakin fili, sai da na juya wa mutane baya.

Za a buɗe sabon kwas na wata uku a Mayu, kowane yanki zai kawo mutum ɗaya. Na je ofis na ba da sunanku. Jami'in ya ce shekara hamsin da biyu ta yi yawa, ga kuma ƙafa. Sai na kwashi takardunku na kai wa Baturen, na fassara masa su. Ya taka da kansa zuwa ofis, ya ce yana da masu gudu arba'in a ajinsa, mai lura da yaro yake nema. An karɓa.

Na san ba ku taɓa wuce Kano ba. Ga ɗakina, ni zan koma wurin aboki. Malam Badaru zai iya riƙe taron Asabar. Malam, ku zo.

Ɗalibinku,
Jafaru

*

Daura, 18 ga Afrilu, 1977

Ɗana Jafaru,

Assalamu alaikum. Hedimasta ya sa hannu. Uwargidana Haulatu ta yi dariya har da hawaye, sannan ta fara daka mini dakuwa.

Zan shigo motar Talata, uku ga watan Mayu. Ka tare ni a tasha, ban san gari ba.

An ce 'yan kwas gajeren wando suke sawa. Ka gaya wa Baturen naka tun kafin in iso: komai ya ce zan yi, amma da dogon wandona zan shiga fili.

Wasalam,
Audi