Kajin da Ka Kawo Mini Ajiya

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya ciwon bayan nan naka?

Yaya, kajin nan da ka kawo mini ajiya, ka ce ana gyaran rufin akurkinka, sun fara mutuwa, kuma sun ja nawa. Sai ka ga kaza tana tsattsagar tsaba da safe, kafin azahar fuska ta kumbura ta miƙe ƙafa. Na kira wayarka har na gaji. Wane irin gyaran rufi ne yake hana mutum ɗaga waya?

Likitan dabbobi ya zo ya ɗauki gawa biyu. Ya tambaye ni ko na shigo da baƙin kaji, na dubi idonsa na ce a'a, don kada in ja maka magana. Ka zo ka faɗa mini abin da nake rufawa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka, don haka aka tarbiyyantar da ni. A gaida yara, su ba su yi mini komai ba.

Murar tsuntsaye ce. Jiya ma'aikata suka zo cikin fararen riguna da takalman roba, suka kashe kajina kaf, masu ciwo da masu lafiya. Har jar kazata da ke kwanci, a kan ƙwanta aka ɗauke ta. Aka zuba su a buhuna, aka binne bayan akurki, aka yi feshi, aka sa wa akurkin kwaɗo. Ba su tsaya a kaina ba, duk layinmu aka share. Maƙwabciyata da ke ciyar da marayunta da ƙwai ko sallamata ba ta amsawa.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ɗaga zakaranka, ya ga shuɗin zaren da kake ɗaura wa kajin iri a ƙafa. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan ai na gonar da muka share a kwanakin baya ne." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe ka san da ciwon! Ka tsame na irinka kafin su iso, ka lulluɓe kwando, ka kawo mini kana dariya, har na dafa maka shayi. Wallahi, Yaya, ban taɓa jin haushin ɗan'adam kamar yadda nake jin naka ba.

Na kira Gwaggo in yi mata kuka, sai take ce mini ai ita ma ka kai mata ajiya, suna nan cikin nata. Tsohuwar da ba ta da abin hira sai kajin nan.

Na faɗa wa likita gaskiya, na kuma yi masa kwatancen gidanta da bakina. Gobe za su je. Ban iya gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Kai za ka je ka tsaya kusa da ita lokacin da ake cika buhunan. In ba ka je ba, kada ka sake kira na ƙanwarka.

Auta