Hannu Biyu a Sama

Daga gindin Dutsen Gwauro

Yaya Corinne,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Desmond da yara. Yaya ciwon bayan naki? Mu nan lafiya lau, sai sanyi mai ratsa ƙashi.

Baba ya sauke mu da jirginsa, ni da mijina Wendell, a kan kogin ƙanƙara da safen nan, za mu hau dutsen. A kan gwiwata nake rubutu, shi zai saka miki a gidan waya. Kin san halinsa. Ya ƙare wa mijina kallo ya ce, "Kai ɗan kudu, ka dawo min da 'yata da yatsunta cif." Wendell ya ce, "Baba, ai ita ke jan igiyar, ni bi kawai nake."

Sai ya juyo kaina da karatun nan da muka haddace tun muna goge masa gilashin jirgi. Baƙaƙen ledoji a jere su ne filin sauka, don in ko'ina ya yi fari matuƙi ba ya gane ƙasa. Hannu biyu a sama: sauko, ana bukatarka. Ɗaya sama ɗaya ƙasa: kada ka sauka. Na ce, "Haba Baba, ni za ka koya wa?" Ya ce tsufa ne, in ƙyale shi.

Ki sumbatar min yara.

Ƙanwarki,
Marnie

Asibitin garin Whitehorse

Yaya Corinne,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Baba yana da rai. Na fara da wannan ne don kada zuciyarki ta buga. Abin da na kasa faɗa miki a waya ne zan rubuta.

Mun hau dutsen, mun sauko lafiya. A hanyar dawowa ƙafar Wendell ta burma cikin wata tsaga kusa da tantinmu, rami mai zurfin gaske da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Iska ta riga ta kwashe sandunan da muke kafa alama da su. Ina cikin tanti ina narkar da ruwan shayi, shi kuwa bawan Allah ya ɗauki baƙaƙen ledojin ya jera su a bakin ramin, wai don kada in faɗa. Wallahi ban sani ba.

Baba ya hango hadari na tafe, ya zo ɗaukarmu kafin ranar da muka yi da shi. Ina jin ƙarar jirgi na fito. Da na ga layin ledojin sai na gane zai ɗauka filin sauka ne. Na ruga ina ihu, ina ɗaga masa hannu ya koma.

Yaya, a kan idona ya sauka. A kan idona ƙasa ta buɗe ta haɗiye gaban jirgin, wutsiya ta miƙe sama. Da igiya muka zaro shi, ƙafafunsa biyu a karye. Likita ta ce zai taka, amma shi da tuƙi har abada.

Ban yi wa Wendell magana ba tun ranar. Na zage shi tas a kan ƙanƙarar nan, na ce ya kashe min uba.

Jiya Baba ya farka sosai, ya ce in kira masa ɗan kudu. Na ƙi. Ya ce, "Ke, bar yaron nan. Kin ɗauka ledoji za su ruɗe ni? Layin a karkace yake, na gane ba fili ba ne. Har na juya zan tafi." Na ce, "To me ya sauko da kai?" Ya kau da kai. Na matsa masa. Ya ce, "'Yata na gani, hannu biyu a sama."

Hannu biyu, Yaya! Ni da na ce masa ni zai koya wa.

Wendell na zaune a baranda, ban san da wane ido zan dube shi ba. Baba kuwa cewa yake ko yau ya ga haka, sauka zai yi. Don Allah ki zo.

Ƙanwarki,
Marnie