An Ɗaura wa Motar Maigidana Baƙin Ƙyalle

Yaya Burul, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun, zan faɗa miki abin yadda yake ne kawai.

Maigidana ya rasu lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa. Zuciya ce. Yana wanke hannu a bakin famfo ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An kafa tanti a tsakar gida, na zauna ina fuskantar bango ina kuka kamar yadda ake yi, jama'a suka zo suka watse, amma wallahi a raina gani nake kasuwar kayan mota ya tafi, da yamma zai dawo. Sai ranar da nake tattara tufafina masu launi zan rufe a akwati, tunda baƙi zan sa har shekara. Na nemi jan ɗankwalina mai furanni na rasa. Na duba ko'ina, har na shiga rumfar da motarsa take. Ga shi nan. Ashe maigidana ya yaga shi biyu, ya toshe bakin bututun mota da shi don kada ƙura ta shiga. Halinsa ke nan, duk tsumman da hannunsa ya kai nasa ne. Na buɗe baki zan ce, "Malam, ɗankwalin nawa kuma?" Sai na ga babu wanda zai sosa ƙeya ya yi mini dariya. A nan na gane ya tafi. Na zauna a kan tsohuwar taya, ban san lokacin da rana ta juya ba.

Mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake yi. Da furfurarsa ya je ya sayo wannan mota, tsohuwar motar tsere ta Japan, shuɗiya, gajeriya, sitiyari a dama, ga wani fiffike a bayanta. Maƙwabta suna tsokanarsa, "Tsoho da motar samari!" Shi kuma ya ce, "Kakana ma haƙori biyu gare shi yana sukuwa." Goɗiyata yake kiranta.

Bara da zafi muka hau hanyar dutse za mu Susamir, makiyayar dawakan nan ta kan tsaunuka. Muna tsakiyar hawa ƙarfinta ya mutu, sai nishi take. Wata babbar mota shaƙe da tumaki ta wuce mu, direban ya leƙo ya ce, "Baba, a ɗaura muku igiya ne?" Ranar ko abinci bai ci ba. Da muka dawo ya zaunar da ni a kan shayi ya yi mini bayani. Wai turbo iska yake tura wa inji, amma iskar tana fitowa da zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da auki. Akwai abin da ke sanyaya ta, intakula sunansa, kamar lagireto yake. Na kamfani ƙarami ne, kuma a kan inji aka ɗora shi, ya ce kamar mutum ya ɗora shayi a kan murhu ne yana jira ya huce. Shi ya sa ya sayo babba, wanda ake sawa a gaba bayan bamba, inda iskar hanya za ta riƙa dukansa. Ya ce mini, "Bana za ki sha nonon goɗiya a Susamir tun shayinki bai huce ba."

'Yarmu ɗaya ce, Bermet. A kantin magani take aiki, amma tun tana rarrafe take miƙa wa ubanta sifana. Tare suka fara aikin, duk Lahadi. Sun cire bamba, ya yi waldar ƙarafan da za su riƙe shi, sun rataye shi, sun haɗa bututun gefe ɗaya. A nan aikin ya tsaya.

Ranar sadakar arba'in Babban Yaya, wato wan maigidana, ya shiga rumfar. Kin san ban taɓa kama sunansa ba, ban kuma taɓa mayar masa da magana ba tun da aka kawo ni gidan nan. Ya ɗaura baƙin ƙyalle a fiffiken motar, ya zare makulli ya sa a aljihu. Ya ce kakanninmu idan mutum ya mutu yanke jelar dokinsa suke yi su sake shi, ba mai hawa sai shekara ta zagayo, sannan a yanka shi a sadaka. Ya ce ƙanensa bai bar doki ba, wannan ce dokinsa. Kada wanda ya taɓa ta. Idan shekara ta cika a sayar, a sayi dokin da za a yanka wa baƙi.

Kada ki ɗauka mugu ne. Shi ya riƙe maigidana bayan rasuwar mahaifinsu, a bayansa yake goya shi zuwa makaranta cikin ƙanƙara. Har yau shi ke aiko mana da gawayi da fulawa.

Amma Bermet ba ta yi shiru ba. A gaban mutane ta ce, "Baffa, doki da cikinsa a farke za a bari shekara guda?" Ya dube ta ya ce, "Ke 'yar nan, sifana ta hana ki aure, yanzu kuma za ta hana ki kunya?" Ta tashi ta fita. Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a daƙile.

Duk Alhamis ina soya gurasa a mai don ƙamshin ya isa ga mamatanmu. Sai ta ɗebi nata ta tafi rumfar, ta zauna a kan tayar nan, ta haɗe hannu a cinya. Ba ta taɓa komai, ba ta karya masa doka ba, kallo kawai. Ta ce laima za ta shiga, ɓeraye za su yi gida, tsatsa za ta cinye aikin ubanta. Yanzu wata ƙawarta ta samo mata aiki a Mosko. Ta ce mini, "Inna, ba zan iya kallonta haka har shekara ba, sannan in ga an ja ta da igiya an fita da ita." Lokacin kaka take son tafiya.

Abin da ya ba ni ƙarfin rubuto miki shi ne, makon jiya na bi ta rumfar, don dai in ji muryarta na ce, to me ya rage ne? Yaya, sai ga yarinya ta miƙe tana nuna mini nan da can, tana bayani da hannu biyu, har da dariya, sak ubanta. Rabon da in ji dariyarta tun yana da rai. Na san 'yata tana nan, ba ta tafi ba tukuna.

Ba na son in saɓa wa Babban Yaya, ba na kuma son in kwana ni kaɗai a gidan nan. Bututun gefe ɗaya ya rage, da maɗauransa, da gyara bamba a mayar. Ɗankwalina kuma yana nan inda ya cusa shi, ban cire ba.

Matar mai walda, daga garin Kara-Balta

*

Ƙanwata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya ba ku dangana. Rubutunki ba abin ba da haƙuri a cikinsa, na karanta har na ga rumfar da idona.

Baffa da 'yarsa kuka ɗaya suke yi. Shi ƙulla ƙyalle hannunsa ya iya, ita sifana nata ya iya. Idan maganar hakki ake, motar tana cikin abin da mamaci ya bari, ke da Bermet kuna da ta cewa, kuma addini bai ce a ɗaure ta ba. Amma kada ki fara ta nan. Za ki iya cin nasara ki samu mota, 'yarki ta rasa uban da ya rage mata.

Na tambayi wani dattijo makiyayi yadda suke yi da dokin mamaci. Ya ce hawa ne ba a yi. Ana ba shi ci da sha, a gyara masa kofato, idan ya ji rauni a ɗaure masa. Gidan da ya bar irin wannan doki ya lalace, in ji shi, ya ji kunya. To ga ƙofarki. Ba makulli za ki roƙa ba. Makulli ya zauna a aljihunsa, ƙyalle ya zauna a fiffike. Roƙonki ɗaya ne, a bar yarinya ta rufe cikin da ubanta ya bari a buɗe.

Tunda bakinki ba ya iya kaiwa gare shi, bi ta wajen matarsa. Ki gayyace su cin gurasar Alhamis. Bermet ta fara ba shi haƙuri, don ta yi masa magana a gaban jama'a, ko da gaskiyarta wannan kuskure ne. Shi ma maganarsa ta yi kaifi, amma bari ya gane da kansa. Bayan shayi ku kai shi rumfar, ki nuna masa ɗankwalin. Ita kuma ta nuna masa waldar ƙanensa, ta ce tana buƙatar wanda zai riƙe mata bamba. Maganar sayarwa kada ki taɓo ta ranar. Dokin sadaka dangi ne ke haɗuwa su yi shi, lokacinsa zai zo. Dattijon da ya riƙe bamba da hannunsa, da wuya ya kira dillali.

Na kuma tambayi makaniken da ya san irin motocin nan, ga saƙonsa ga Bermet. Kafin a haɗa kowane bututu a cire tsumma, a haska ciki da tocila, domin inji ya tashi da ƙyalle a ciki ɓarna ce babba. Maɗauri ya zauna bayan leɓen bututu, in ba haka ba iska za ta fizge shi a hanya. Kada bututu ya goga jikin ƙarfe. A rage bamba yadda iska za ta samu intakula ba tare da an toshe wa lagireto numfashi ba. Ta gwada yoyo da famfon iska da ruwan sabulu, wannan ba ya buƙatar makulli. Ta cire kan batir. Idan shekara ta cika, sabon baƙin mai da sabon fetur, sannan gwani ya daidaita injin kafin a tunkari dutse. Ni kuma na ƙara da cewa ban da tsere da motar tumaki.

Saura ke. Kin faɗa mini ba kya son ta tafi, ita kin faɗa mata? Faɗa mata yau, da bakinki. Idan ta gama aikin ta ce har yanzu tana son Mosko, ki sa mata albarka, tafiyar neman abu daban take da gudu. Amma zuciyata tana ba ni cewa yarinyar da ta yi dariyar nan ba jakar tafiya take nema ba.

Ɗankwalin kuwa, ranar da za a haɗa bututun ke za ki zare shi da hannunki. Ki wanke, ki ɗinke, ki ajiye a saman akwati. Ina fatan baɗi da zafi ki ɗaura shi, Baffa a kujerar gaba ya miƙa makulli, Bermet a sitiyari. Allah ya daidaita tsakaninsu, ya kai ku Susamir lafiya.

Yaya Burul