Sahabi Yana So Na Nuna Masa Kabarinki

Zuwa ga mai ɗakina Inno,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na san ba za ki karanta wagga takarda ba. Ko kina raye ma ba za ki karanta ba, ke da kika riƙa yi mini dariya sa'ad da na shiga makarantar manya ta yamma da furfura a gemu. Amma bakina cike yake, kuma ba wanda zan faɗa wa sai ke.

Albishirinki, Nasiru ya dawo. Jikanki, wanda kike kira mijinki na gaskiya, ni kuma yake kirana abokin kishi. Yana nan cikin ɗakinki yana barcin rana. Ya rame, ya yi baƙi, amma da ƙafafunsa ya shigo. Na yi kuka a gaban maƙwabta, ban ji kunya ba. Tun da ya dawo nake leƙa shi kamar sabon jariri.

Bari in ba ki labarin tun daga tushe, don bayan rasuwarki aka yi shi. Bara, da aka gama cire albasa, wasu mutane suka zo Aliero cikin mota mai sanyi. Suka ce suna da kamfanin busar da albasa a Fatakwal, za su kwashi kayan yanzu, su biya in farashi ya tashi. Suka naɗa Nasiru wakilinsu. Ba don wayonsa ba, Inno, don sunana ne. Manoman Jiga Birni da na Gehuru suka ji jikan Alhaji Mamman ne, suka buɗe rudunansu na ajiya aka kwashe albasar. Motoci suka tashi, Nasiru yana zaune a gaban ɗaya daga cikinsu. Daga ranar wayoyi suka mutu.

Kin san yadda garinmu yake. Ba wanda ya ce mini ɓarawo a fuska. Sai dai in na shiga kasuwa, hira ta tsaya. Ni kuwa ba sunana ne ya hana ni cin abinci ba. Ban san ko yaron yana raye ba.

Ɗanmu Bello ne ya je Jega ya nemo mai bincike, bai shawarce ni ba. Wani tsohon ɗan sanda ne da ya buɗe ɗan ofis kusa da tasha, yana nemo mutanen da suka ɓace da kayan da aka damfara. Kin san wane ne? Sahabi. Sahabin Maiyama, wanda ya riga ni zuwa zance ƙofar gidanku da keke mai ƙararrawa. Har yau yana da dukan haƙoransa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aiki. Ya zauna wurin mai shayi da direbobi da 'yan kamasho har ya gano hanyar da motocin suka bi. Kin tuna kowane manomi yana shafa alamarsa da fenti a jikin buhu? Ya sa aka zana masa alamomin, ya bi su har kasuwar Fatakwal, ya tarar da buhunan Jiga Birni a wani sito. Aka kama biyu daga cikin mutanen. Da bakinsu suka ce sun aiki Nasiru sayen ruwa a wani gidan mai, suka tafi suka bar shi a hanya. Yaronmu ba ɓarawo ba ne. Amma ina yake?

Nan ne abin da ya tsaya mini a wuya. Sahabi ya zo zaurena ya tambayi wanda ya reni yaron. Bello ya ce ke ce. Sai ya yi wani murmushi, ya ce ashe ɗan gidan Kulu ne. Kulu! Sunan da tun da aka kawo ki gidana ban ji wani namiji ya kira ki da shi ba. Ya hau babur ya tafi, kafin la'asar ya dawo da Nasiru a bayansa.

A Andarai ya same shi, tsohon gidan goggonki da ke bakin fadama, yana taya jikokinta ban ruwa. Kunyar manoma ce ta hana shi dawowa. Sahabi ya ce tun kina budurwa can kike gudu in ranki ya ɓaci. Nasiru ya ce ke kika gaya masa, in duniya ta yi masa zafi ya nufi can, ba mai tambayarsa dalili.

Inno, ni fa? Kin gaya wa mai keke, kin gaya wa jika, ni da na zauna da ke har muka tsufa ban taɓa jin wanga gida ba. Na bi asibitoci, na bi tashoshi, na sa an yi cigiya a rediyo, alhali yaron yana nan ƙasar Maiyama. Ranar da muka yi faɗa kan sayar da saniyarki kika tafi, na aika gidanku aka ce ba ki iso ba, can kike? Ban taɓa tambayarki ba, ina ganin girma ne. Yanzu ina so in tambaya, babu mai amsawa.

Ban taɓa faɗa miki ba, amma duk lokacin da muka wuce ta Maiyama ina kallon fuskarki in ga ko za ki waiwaya. Ba ki taɓa waiwayawa ba. To me ya sa shi ya tuna, har da itacen tsamiyar da ke ƙofar gidan?

Na kai masa rago na godiya, ya ƙi karɓa. Ya ce abu ɗaya yake so, in kai shi kabarinki ya yi miki addu'a. Kin san maƙabartarmu ba suna, ba allo. In ban nuna ba, ba zai gane ba. Wallahi Shaiɗan ya raɗa mini in nuna masa na tsohuwar nan mai ƙosai da ke gefenki, ya je ya yi ta hawayensa a can. Har na yi dariya ni kaɗai. Sai na ji Nasiru ya yi tari a ɗaki.

Zan kai shi ran Juma'a bayan an sauko. Mutumin da ya maido mini jikana ba zan yaudare shi ba. Amma ni zan tsaya ta wajen kanki, shi ya tsaya ta ƙafa. Ni zan ja addu'ar, shi ya ce amin.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sada mu. In mun sadu, akwai magana.

Naki, wanda ya aure ki,
Mamman.