Kukan Birkin Gwoggo

Kawu mai shawara,

Don Allah ka taimaka mini, abin ya kai ko abinci ba na jin daɗinsa. Ka yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba, a bayan sitiyari na girma.

Ni direba ne, ɗan direba. Motar da nake ja ta mahaifina ce, irin mai jan ƙafa huɗu ɗin nan da ke shiga inda kwalta ta ƙare. Gwoggo muke ce mata, don Baba ya ce ta girme ni, kuma ba ta son a yi mata gaggawa. Da ita nake kai ma'aikatan asibiti da akwatunan magani ƙauyukan bayan dutse. In zan juyo, wani lokacin in ɗauko mai naƙuda ko tsohon da ba zai iya zama a kan babur ba. Hanyar duk duwatsu ce da taɓo, kuma akwai wani dogon gangare da kafin ka kai ƙasa sai ka ji ƙaurin birki.

Idon Baba ya tafi, a hankali ya tafi. Aikin ƙarshe da ya yi kafin ya miƙa mini makulli shi ne birkin gaba. Ya sa sababbin fayafai da takalman birki masu tauri, irin masu haɗin ƙarfe, rabin aikin ma da lalube ya yi shi. Irin takalman nan suna da wani ɗan siririn kuka in an taka. To wannan kukan shi ne idon Baba yanzu. Kullum da la'asar yana kan benci a ƙofar gida, rediyo a cinya amma a kashe. Da na karyo kwanar layinmu na taka birki, sai ya ɗaga kai ya ce wa Inna ta ɗora ruwan wanka, Gwoggo ta dawo da ɗanta. Motoci nawa ke wucewa, bai taɓa kuskure ba. Inna har tsokanarsa take yi, wai ita da suka tsufa tare bai gane takunta haka ba.

Yanzu birkin ya ƙare. In na taka a gangare sitiyari rawa yake yi a hannuna. Na cire taya na shafa faifan, duk ya yi zane, bakinsa ya yi tudu kamar na faranti, takalmin kuma bai fi kaurin farce ba. Mai sayar da kayan gyara ya baje mini takalma masu laushi da ba sa ƙara ko kaɗan, da faifai mai huji-huji yana sheƙi, wai shi ake yayi. Bakanikenmu ya ce in na matsa a bar tsohon faifan, a kai a sassaƙe shi a inji, amma da yake faɗa ƙasa yake kallo. Yayata ta ce in canza a ɓoye, kar a tayar wa tsoho hankali. Inna ta ce ko me zan yi, kar in raba shi da kukan nan, don shi kaɗai ya rage masa na mota.

Ga wani abu kuma da ban faɗa wa kowa ba. Kwanan nan in na tsaya, ba ya maganar ruwan wanka nan da nan. Sai ya karkata kai yana saurare har bayan na kashe inji, leɓensa na motsi, sannan ya tambaye ni hanya kawai. Ina tsoron ko kunnen ne shi ma ya fara tafiya. In na cire aikin hannunsa na jefar, na dawo gida shiru kamar baƙo, da wane ido zan kalle shi? In kuma na bari, rayukan mutane ne a bayana. Wanne zan saya, kuma yaya zan yi da Baba?

Naka,
Ɗan Gwoggo

Ɗana,

Bari mu fara da abin da ba ya jira. Kar ka ƙara sauka gangaren nan da mutum a bayanka sai ka canza birkin. Na tambayi kanikawa biyu da na yarda da su, bakinsu ya zo ɗaya. Faifan da ya yi tudu a baki har yana girgiza sitiyari yawanci ya riga ya sirance, in an sassaƙe shi ƙara sirancewa zai yi, ya riƙa saurin zafi. Shi ya sa bakaniken naka ya kalli ƙasa. Mai huji-hujin nan a bar wa motar gari, a hanyarka taɓo da tsakuwa za su cika shi. Sayi faifai sumul mai kauri, da takalma masu haɗin ƙarfe, don su ke jure zafin gangare da nauyin kaya. Ka canza dama da hagu tare, ka sa a duba man birki, sannan ka ɗan zagaya a fili kana takawa a hankali kafin ka kama hanya. Ka ga kenan zaɓin Baba tun farko shi ne daidai.

Yayarka da Inna kowacce tausayi ne ya sa ta magana. Yayarka ta yi gaskiya da ta ce a canza, ɓoyewar ce ban yarda da ita ba. Mutumin da ke gane motarka a cikin motoci, ranar farko zai gane, kuma abin da zai yi masa ciwo shi ne an yi ba a tambaye shi ba. Inna ma ta yi gaskiya, kar a raba shi da motar. Sai dai ba kukan ƙarfe ne kaɗai ya rage masa ba, saninsa na nan.

Ni ba likita ba ne, in hankalinka bai kwanta ba ka kai a duba kunnen. Amma ka sake karanta abin da ka rubuto. Wanda kunnensa ya fara tafiya ba ya bin sauti har bayan an kashe inji. A ganina Baba ya ji kukan ya sauya, ya san ƙarfe ya kusa cin ƙarfe, yana dai jin nauyin yi wa mai makulli gyara ne. Kai kana tsoron faɗa masa, shi yana jiran ka tambaye shi.

Gobe ka cire tayar a ƙofar gida, ka kamo hannunsa ka ɗora a kan faifan, ka ce ya duba maka. Ka tafi da shi shagon, a miƙa masa kowane iri ya shafa ya zaɓa. Tsohon faifan ka wanke ka ajiye masa. Wataƙila sababbin su yi irin kukan da ya saba, wataƙila ba za su yi ba. In ba su yi ba, ka roƙe shi ya zaɓa maka yadda za ka riƙa danna hon a kwanar layinku, ya zama naku ku biyu.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya tsare ka da waɗanda kake ɗauka. Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da ɗora ruwan.

Kawunku