Taɓarya ta Uku

Zuwa ga Inna, a makwancinta da ke gabas da Tabotaki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da durƙuso irin wanda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa wannan ta same ki cikin ni'ima. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Baba yana nan, ya dai rage fita. An kai hatsi rumbu, kuma jar akuyarki ta haihu, ƙanwata Ramatu ce ke kula da ita.

Dalilin wannan takarda shi ne in ba ki amsar tambayar da kika yi shekaru kina yi mini. Na san ba ki karanta boko, na kuma san inda kike takarda ba ta zuwa. Masu leƙa wannan a salula su yi mini haƙuri, da Inna nake.

Ni ce 'yarki ta fari, don haka ba ki taɓa kiran sunana ba. Waccan, haka kike ce mini. A ba Waccan hura. Waccan ta dawo daga makarantar lakkwal? Ko ranar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, gidanmu ya cika da guɗa, ke kina bakin murhu kina hura wutar da tuni ta kama. In kina son sanin wani abu game da ni, sai ki aiko Iya Tsahara, ƙawarki da darni ɗaya ya raba ku. Ta zo ta zauna kusa da ni ta tambaya, in ba ta amsa, ta gyara zane ta tashi ta kai miki, alhali kina nan tsakar gida kin ji komai da kunnenki. Wannan wasan naku ya daɗe yana ba ni dariya.

Tun da na sami burs, wato tallafin karatu, na tafi ƙasar Turai, tambayar ɗaya ce. Iya Tsahara takan ce, "Innarki ta ce, wai mi na na aikin ga naki? A ba ta abin da za ta hwaɗa ma mutane."

Na fahimci abin da ke damun ki. A garinmu in an gama girbi samari sukan watse cin rani, kuma kowace uwa tana da abin faɗa a bakin rijiya. Wannan ɗanta yana sayar da shayi a Abija, waccan nata magini ne a Agadas, wata 'yarta ungozoma ce a Buza. Ke kaɗai ce 'yarki ta fi ta kowa nisa, amma in an tambaye ki sai ki sunkuya ki gyara igiyar guga. Ba yabo kike nema ba, kunyar 'yar fari ma ba za ta bar ki ki yaba ni ba. Magana ɗaya tak kike so, ta gaskiya, wadda za ta shiga bakinki.

Kin tuna hutuna na farko? Na dawo kaina cike da fizik kwantik, ina jin kamar ni na ƙirƙiro shi. Bayan la'asar Iya Tsahara ta zo da tambayar, ni kuma na gyara zama a tabarma na zuba mata. Na ce ina karatun wasu abubuwa ne da ido ba ya gani, waɗanda ke ratsa bango ba su fasa shi ba, suna iya kasancewa nan da can a lokaci guda, sai an dube su sannan su tsaya wuri ɗaya. Wallahi duk abin da na faɗa haka yake a littafi. Iya Tsahara ta rufe baki da hannu ta ce a'uzu billahi. Kafin kasuwar Buza ta zagayo, gari ya ɗauka cewa 'yarki tana karatun iskoki a ƙasar Nasara.

Ni na yi dariya na hau kar, babbar motar fasinja, na koma. Ke aka bar wa kayan.

Sai daga baya Ramatu ta ba ni labari. Ta ce kin koma ɗiban ruwa da tsakar rana, lokacin da ba kowa a rijiya. Ta ce wata mata ta taso tun daga Allakaye da 'yarta mai faɗuwa, wai an ce mata gidan nan akwai wadda ta san sunayen iskokin. Kin shimfiɗa musu tabarma, kin dama musu hura, sannan kika ce, "Ni ban san abin da taka yi ba, amma na san abin da ba ta yi." Inna, a duk rayuwarki wannan ce kariya mafi girma da kika iya yi mini a gaban mutane.

Na sake gwadawa. A salula, bayan kin ce mini "Lahiya lau, a yi ta haƙuri" kin miƙa wa Iya Tsahara, na ce ta gaya miki ni malamar lissafi ce. Na ji muryarki daga nesa kina cewa, "In lissahi na, mi ya hana ta yi shi nan Buza?" Ba a yi miki wayo. Na bar maganar a kan sai na gama, sai na dawo, zan zauna in nemo kalmomin a natse. Ina ganin akwai lokaci, don ban taɓa ganin ki kwance da rana ba.

Zazzaɓi ne, aka ce. Kafin in sami jirgi an riga an kai ki.

To bari in fara, ko da na makara. Duk abin da hannunki ya taɓa, taɓarya ko ƙwarya ko cokali, a cikinsa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da muke kira elektoron. In guda ɗaya ne shi kaɗai, mun san halinsa, ɗalibi ma zai lissafa shi a tablo, allon aji. In biyu ne, da wuya amma ana lallaɓawa. Sai dai a ɗan guntun ƙarfe kamar ƙwayar hatsi yawansu ya wuce ƙirge, kowane yana ture kowane, motsin ɗaya ya rataya a kan na sauran duka. Babu injin da zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Ga shi duk kamarsu ɗaya, ba mai tsaga a kunne irin ta awakinki, in biyu sun yi musayar wuri ba wanda zai ce ga wanda ya matsa. Kuma biyu ba sa zama a mazauni ɗaya, sai su cika daga ƙasa zuwa sama yadda Baba ke jera dammuna a rumbu. Wannan taron shi ne fannina. Tunda ba a iya bin kowa, dabararmu ita ce mu cire guda ɗaya daga cikinsu, mu saurari yadda sauran za su amsa.

Na yi shekaru ina wannan a takarda. Ban taɓa jin sa da kunnena ba sai ranar sadakarki.

Da hantsi ne, ina zaune a ɗakinki tsakanin ƙorenki da kwanoninki. Tun da na iso ban yi kuka ba, har na ji wata tana raɗa cewa zama da Nasara ya busar mini da zuciya. A tsakar gida aka kafa turmi za a daka gumbar sadaka. Kin san su wa ke daka a unguwarmu, suna ne ko biki ko rasuwa: ke, da Iya Tsahara, da Gwaggo Dije ƙanwar Baba. Tun kuna amare kuke lugude ku uku a turmi ɗaya. Iya Tsahara ta fara, Gwaggo ta bi, ke ki rufe. Ke ce mai jefa taɓarya sama ki tafa ki cafe, wai kuma ke ce mai kunya.

Sai na ji sun fara. Tim, tim, shiru. Tim, tim, shiru.

Luguden mutum biyu yana da nasa kiɗan, mai sauri, ba yarinyar da ba ta iya shi ba a Tabotaki. Amma waɗannan tsofaffin biyu suna bugawa, sai su dakata daidai tsawon bugunki, sannan su ci gaba. Na leƙa ta ƙofa. Sun tsaya a gefe biyu na turmin, sun bar gefe na uku ba kowa. Da rana ta cim musu suka ja turmin zuwa inuwar itacen bedi, suka juya, wurin nan da ba kowa ya juya tare da su. Ramatu ta ce su yi na biyu mana, rana tana yi. Gwaggo Dije ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Mun gwada, ɗiyata. Hannu ya ƙiya."

Hatsin da kukan gama kafin rana ta take, sai da aka yi kiran azahar suna kansa. Baba yana zaure yana karɓar gaisuwa, aka ce ya tashi tsakiyar magana ya nufi gona, gonar da ba sauran komai a cikinta sai kara. Ni kuwa ina zaune ina jin inda kike tsaye, ina jin lokacin da ya kamata ki tafa. A nan kukan ya zo, irin wanda ba a iya rufe wa baki.

Inna, ga sauran bayanin. In muka cire elektoron ɗaya daga taron nan, wurin da ya bari ba ya zama banza. Na kusa ya matso ya shiga, ya bar nasa wurin, wani ya matso, sai gurbin ya riƙa tafiya cikin ƙarfen. Yana da nauyi, ana auna shi. Yana da inda yake karkata in an sa kuran, wato wutar lantarki. A lissafinmu har harafi muke ba shi, kamar kowane abu mai jiki. Nauyin nan kuma daga taron da ke kewaye da shi yake zuwa, daga yadda suka saba da juna, yadda kowa ke riƙe da kowa. Kin san panon hasken ranan da ke kan rufin shagon bakin kasuwa, inda ake kai salularki ta sha wuta? A cikinsa hasken rana ne ke bugun elektoron ɗaya ya fitar da shi daga mazauninsa, shi ya yi nan, gurbinsa ya yi can, tafiyarsu su biyun ita ce kuran ɗin. Duk lokacin da kika ce mini a yi ta haƙuri, da wutar aikin irin namu kika faɗa.

Kada ki ce Waccan ta sake kwaɓawa. Ban ce ke elektoron ba ce, kuma iliminmu bai san komai ba game da inda kike, wannan na Allah ne Shi kaɗai. Su duk kamarsu ɗaya, wani yana shiga wurin wani. Ke kuwa ba wadda ta iya ɗaukar taɓaryarki, tana nan jingine bayan ƙofa inda kika bar ta. Abin da kawai na ce shi ne, na gane abin da nake aunawa shekara da shekaru, kuma na same shi da Hausa.

Da la'asar na sami Iya Tsahara zaune a kan turmin da aka kwantar, tana murza kafaɗa. Na durƙusa kusa da ita na ce mata na samo amsar. Na ce a ce Waccan tana auna nauyin gurbi ne, in an cire ɗaya daga cikin taron da ya saba da juna. Ba iskoki, ba bori. Na nuna mata turmin na ce irin abin da suka yi yau, sai dai nawa a cikin ƙarfe yake. Ta maimaita maganar a hankali don ta riƙe ta, yadda ta saba. Ta ce wannan kam tana shiga baki. Sannan ta gyara zane ta miƙe, ta juya ta nufi ƙofar ɗakinki.

Ba ta kai ba ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, ta ba ni baya. Da ta juyo sai ta ce, "To ɗiyata, wa za ni kai ma wa?"

Daga baya ta ce za ta faɗa a bakin rijiya, kowa ya ji. Na gode mata, amma ni ba don bakin rijiya na nemo ta ba.

Shi ya sa na kawo miki da kaina. Wannan ne karo na farko da na yi miki doguwar magana ba ɗan aike a tsakaninmu, ki yafe mini rashin kunyar. Ina kewarki, Inna. Ina son ki, kuma na san in da kina nan da kin tashi kin tafi hura wuta tun kafin in rufe baki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki Ya yalwata shi. Ya saka miki da Aljanna saboda ruwan da kika ɗiba da tsakar rana domina. Ya ba Baba haƙuri, Ya ƙara wa Iya Tsahara da Gwaggo Dije ƙarfin hannu. In tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu a inda za ki tambaye ni da bakinki. Amin.

Taki har abada,
Waccan.