Ni Ke Bayarwa, Su Amsa

Litinin, 30 ga Yuni

Likita ya leƙa maƙogwarona da wani ɗan madubi mai sanda, ya daɗe yana kallo kamar wanda zobensa ya faɗa rijiya. Sannan ya tambayi sana'ata. Na ce koyarwa, firamare, aji shida. Ya ce dama ya zata. Wai wasu 'yan ƙulu ne suka fito a kan jijiyoyin muryata saboda yawan ɗaga ta. Maganinsu shiru na wata biyu, ko raɗa ban da. "Malama, ba tsorata ki nake yi ba," in ji shi, "amma in kika ci gaba da ihu tana iya tafiya ba ta dawo ba."

Wata biyu. Bikin yaye 'yan ajina kuwa ko wata guda bai rage ba. Tunda an hana bakina, bari in riƙa zuba surutuna a takarda, in ba haka ba sai in fashe.

Talata, 1 ga Yuli

Na gaya wa Baban yara. Ya ajiye almakashinsa a kan teburin ɗinki, ya ce, "To, Allah ya ba ki lafiya. Mu ma kunnuwanmu sa ɗan huta." Wasa yake yi, na sani. Amma na shiga ɗaki na yi kuka, kukan ma ba sauti.

A makaranta ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan gaya ba. Ina tuna abin da aka yi wa malamin lissafi lokacin da kunnensa ya yi nauyi. Hedimasta ya kira shi ofis, ya yi ta zuba masa daɗin baki, ya miƙa masa makullin sito. Can ya ƙare, tsakanin karyayyun kujeru da littattafan da gara ta ci, har ya yi ritaya. Ranar da ya tafi ma ba wanda ya lura. Ni ba zan shiga siton nan ba. In an raba ni da ajina, me ya rage mini?

Juma'a, 4 ga Yuli

Taron malamai. Labaran ƙarshen shekara kamar kullum: malamar aji biyu ta sauka lafiya, namiji, iska ta yaye kwanon aji uku, iyaye sun ce za su kawo kafinta kafin biki, famfon tsakar makaranta ya dawo aiki bayan mun fid da rai, maigadi zai ajiye aiki saboda gwiwa. 'Yan ƙwallonmu sun sha kashi a hannun makarantar ƙetaren titi, malamin wasanni ya ɗora laifin a kan alƙalin wasa, kamar bara, kamar bara waccan.

Sai hedimasta ya juyo kaina. "Waƙar sallama kuwa ba sai an faɗa ba, Lasifikarmu tana nan." Aka yi dariya. Sunan da yara suke kirana da shi ke nan a bayan idona, ashe har ofis ya kai. Na yi murmushi na gyaɗa kai. Ya ce, "Malama, yau shiru?" Na nuna wuyana na ce mura. Muryar ta fito kamar ana jan buhu a kan siminti.

Asabar, 5 ga Yuli

Waƙar nan ni na tsara ta, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ina budurwar malama. Ni ke bayarwa, yara su amsa. Na ce, "Mun zo da ƙafa ƙanana," su ce, "Za mu tafi da manya." Haka har baiti na ƙarshe. Amshi kawai nake koya musu. Bayarwa tawa ce, ban taɓa sa wa kowa ita a baki ba, malami ko ɗalibi. A kan me zan ba wani? A ranar nan ɗaya a shekara garin nan duka ni yake kallo.

Yau ina wanki ina lissafin abin. In ban bayar ba, babu waƙa.

Litinin, 7 ga Yuli

Na gwada koyarwa da alli kaɗai. Na cika allo, na buga tebur da rula. Yara sun fi saba'in, wa zai ji rula? Kan ka ce kwabo aji ya zama tasha. Wasu biyu suna dambe a baya a kan murfin biro. Na daure, na daure, sai na ji na kwatsa musu tsawa irin ta da. Suka yi tsit. Ni kuma kamar na haɗiyi reza.

Laraba, 9 ga Yuli

Zuma, citta, lemon tsami, ruwan ɗumi da gishiri, turaren ruwan zafi da mayafi a ka. Yayata ta aiko da wani garin magani da ta ce ya warkar da mai tallan kifi a unguwarsu. Na sha. Ban da gudawa ba abin da ya ƙara mini.

Alhamis, 10 ga Yuli

Sabuwar malamar nan, mai dogon takalmi, wadda aka kawo mana farkon zango, ta same ni a bakin famfo. Yarinya ce, na kusa haifarta. Ta sassauta murya ta ce, "Anti, wannan ba mura ba ce. Mahaifiyata ma ta yi irinta. Ki koya mini baitocin, in tsaya kusa da ke ranar, ko da wani abu zai faru."

Na kalle ta sama da ƙasa. Na ce mata da ɗan abin da ya rage mini, "Ki tsaya a aji huɗunki." Ta ce in yi haƙuri, ta wuce, takalmin yana ƙwas ƙwas.

Ko da wani abu zai faru. Ai na san abin da take so ya faru. Kowa ya san aji shida take hange. Ko dai ni ce nake ganin haka? A'a. Hange take.

Litinin, 14 ga Yuli

Gwajin biki na farko a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida. Akuyar maigadi ta cinye rabin furannin takarda da 'yan aji biyar suka yi sati suna yankawa, aka yi ta koke-koke. Kafinta yana bisa rufin aji uku yana ta buga ƙusa. A cikin wannan hayaniyar na ɗaga waƙa. Baiti biyu na yi, na uku ya tsage a tsakiya. Wata yarinya ta yi dariya, ta kusa da ita ta mintsine ta.

Hedimasta yana tsaye a ƙofar ofis, hannu a baya. Bai ce komai ba. Na fi son a ce ya yi magana.

Talata, 15 ga Yuli

Na tofar da yawu da safe, da ɗan jini a ciki. Ban nuna wa kowa ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na koma asibiti in roƙi allura ko ƙwaya, wani abu dai da zai riƙe ni zuwa ranar bikin, bayan nan in yi shirun shekara ma in yana so. Likita ya leƙa, ya cire tabarau ya ajiye. "Kin yi ihu." Na ce sau biyu ne kawai. Ya ce, "Ke da kanki, in ɗalibi ya ce miki sau biyu kawai ya saci amsa, me za ki yi masa?" Bai ba ni komai ba sai ruwan kurkure baki da faɗa.

A hanyar gida na biyo ta kasuwa. Mai tumatir, mai gyaran waya, matar da ke sayar da robobi, duk ta hannuna suka bi. Kowa, "Malama, muna nan zuwa ranar Asabar ta sama, a tanadar mana waƙarmu." Na yi ta ɗaga hannu ina murmushi har kumatuna suka gaji.

Lahadi, 20 ga Yuli

Baban yara yana ɗinka rigunan yaye ɗalibai, ɗakin duk shuɗin yadi. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Ki je ki gaya wa hedimasta gaskiya. Sito ba kabari ba ne." Na rubuta masa a bayan kwalin zare cewa bai san abin da yake faɗa ba. Ya karanta, ya ce, "Ni dai matar da na aura tana magana. Ina so in tsufa ina jin ta, ko da faɗan ne." Ya ci gaba da taka keke.

Allah, ba na roƙon wata biyu. Minti biyar nake roƙo, ranar Asabar. Ka ara mini, in ya so ka karɓe.

Laraba, 23 ga Yuli

Gwaji na ƙarshe. Na ce a tsallake waƙa, yara sun iya amshinsu. An kawo kujerun haya da rumfa. Mai lasifikar haya ya zo ya gwada kayansa, na ji daɗi, na ce ko raɗa na yi za ta ɗauka. Da kowa ya watse na matsa kusa da makirfon na gwada layin farko. Iska kawai ta fito, ffff, lasifikar kuma ta ƙara mata girma ta watsa ta har bakin ƙofa. Mai dogon takalmi tana ɗaure balan-balan a jikin rumfa. Ta ji. Ta yi kamar igiyar ce ta gagare ta.

Juma'a, 25 ga Yuli

Ban furta ko kalma ɗaya ba yau, ina tara ta saboda gobe. Na goge kayana. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Asabar, 26 ga Yuli

An yi.

Rumfa ta cika har waje, wasu a kan katanga. Aka yi jawabai, aka raba kyaututtuka, aka ba maigadi agogon bango da bargo ya yi ta share ido. 'Yan ajina suka jeru cikin shuɗayen riguna, wasu har ƙasa take ja musu. Hedimasta ya ce, "Sai Malama." Aka yi tafi tun kafin in miƙe.

Na tsaya gaban makirfon. Na ja numfashi, na buɗe baki. Babu. Na sake. Ko iskar ranar Laraba babu. Ina jin wani jariri yana kuka can baya, ina jin injin wuta, ina ganin fuskoki suna jira. Na ce yau dai asirina ya tonu a gaban garin duka.

Ban san wa ya fara ba. Daga layin baya ne na 'yan ajina, wata siririyar murya: "Mun zo da ƙafa ƙanana." Sai sauran suka bi ta, dukkansu, suna bayarwa. Bayarwata, wadda ban taɓa koya musu ba. Shekara shida suna ji ta taga duk ƙarshen shekara, ashe sun kwashe ta tas. Suka kai ƙarshen layi suka tsaya, don babu mai amsawa, su ne 'yan amshin. Sai mai tumatir ya miƙe daga cikin iyaye da ƙatuwar muryarsa ya ce, "Za mu tafi da manya." Rumfar duka ta ɗauka.

Haka suka kai ta har ƙarshe, yara suna bayarwa, iyaye suna amsawa. Ni ina tsaye a tsakiya riƙe da ƙarfen makirfon kamar wadda aka ba ajiya. Mata suna kuka. Kowa ya ɗauka shiri ne, har wani yana cewa Malama ta zo da sabon salo bana.

Ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Waƙar ta tafi ba ni, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Litinin, 28 ga Yuli

Hedimasta dai bai ɗauka shiri ne ba. Ya kira ni ofis, ya sa aka kawo mini shayi, ya yi ta yabon shekaruna. Tun daga shayin na san inda aka dosa. Zango mai zuwa aji shida na mai dogon takalmi ne, "kafin ki samu sauƙi." Ya turo makullin sito a kan tebur. Na so in ce ranka ya daɗe, ba a yi mini adalci ba. Ba muryar faɗa. Na ɗauka na fito.

Alhamis, 7 ga Agusta

Shiru nake yi yanzu, na gaske. Likita ya ce kumburin ya ɗan sauka, amma bai yi mini alkawarin komai ba.

Ashe Baban yara yana da labari. Jiya yana ɗinki ya ba ni tarihin yadda ya gudu daga wurin maigidansa na farko da keken ɗinki a ka, na yi dariya har da hawaye. Ya ce ya sha fara ba ni shi, ban taɓa bari ya kai ƙarshe ba.

Da safe na je makaranta, don kawai in ga irin ɓarnar da ke cikin siton, ba wani abu ba. Na share shi. Tagarsa tana kallon ajina, aji shida nake nufi. Mai dogon takalmi tana ciki ita kaɗai tana jera kujeru, tana rera waƙar ƙasa-ƙasa. Muryarta ba laifi. Amma tana jan baiti na uku fiye da kima, za ta shaƙe yara kafin su kai amshi. Na tsaya ina ji har ta maimaita sau biyu. Ba ruwana, na ce a raina.

Sai na ɗauki rula na ƙwanƙwasa mata kiɗan a jikin ƙarfen taga, a hankali, yadda ya kamata ya tafi. Ta ɗago ta gan ni. Ta sake ɗaukowa daga farko, ni kuma na ci gaba da bugawa.